Juyin Halitta, Aƙidar Halitta Kai Tsaye da Matsayin Nazariyya a Kimiyya

Nazariyyar juyin halitta ita ce bayanin da masana ilimin halittu suke bayarwa a yau kan dalilin da ya sa masu rai suka yawaita, suka bambanta, kuma duk da bambancin suke kama da juna. Ta ƙunshi magana biyu da ya kamata a riƙa rabewa. Ta farko ita ce dukkan masu rai, tun daga bakteriya har zuwa kuka da raƙumi, tsatsonsu ɗaya, rassa suka yi ta yi a tsawon shekaru fiye da biliyan 3. Ta biyu ta shafi hanyar da sauyin yake bi, kuma babbar hanyar da aka sani ita ce zaɓin yanayi. Masu ja da wannan bayani su ne masu aƙidar halitta kai tsaye, waɗanda suke cewa kowane nau'i an yi shi daban, a siffar da yake, babu wanda ya fito daga wani. Wannan aƙida daban take da imani da Mahalicci. Musulmi da Kirista da Bayahude duk sun yarda Allah ne ya halicci komai. Abin da ake jayayya a kai shi ne ta yaya, a tsawon wane lokaci, kuma wa ke da hurumin faɗa.

A ƙasashen Turai aka fara wannan takaddama a siffarta ta zamani. A 1650 Babban Bishop James Ussher ya bi jerin zuriyoyin da ke cikin Littafi Mai Tsarki ya lissafa cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1802 William Paley ya fitar da littafin da ya yi tashe, inda ya kafa hujja da agogo: wanda ya tsinci agogo a fili ba zai ce shi ya ƙera kansa ba, ido kuwa ya fi agogo tsari nesa ba kusa ba. Sai dai a daidai wannan zamani masu nazarin duwatsu, irin su James Hutton da Charles Lyell, suna ta cin karo da abubuwan da shekara 6,000 ba za ta isa ta samar ba: duwatsu hawa-hawa masu kaurin gaske da laka ta tara a hankali, da ƙasusuwan dabbobin da babu irinsu a doron ƙasa. A Faransa, Jean-Baptiste Lamarck ya riga ya ce a 1809 halittu suna sauyawa, amma hanyar da ya kawo, wato ɗa yana gadon abin da jikin iyayensa ya samu ta hanyar aiki, ba ta tsaya da ƙafarta ba.

A wannan shekara ta 1809 aka haifi Charles Darwin a Ingila. Ya fara karatun likita a Edinburgh ya bari, ya koma Cambridge da niyyar zama malamin coci, kuma a can ya karanta Paley ya gamsu da hujjarsa. Daga 1831 zuwa 1836 ya bi jirgin ruwan Beagle ya zaga duniya yana tara tsirrai da ƙwari da ƙasusuwa. A tsibiran Galapagos an lura cewa kunkuru da tsuntsaye sun bambanta daga tsibiri zuwa tsibiri, amma duk sun yi kama da na Kudancin Amurka da ke kusa da su. Ya shafe fiye da shekara 20 yana juya maganar bai buga ba. Abin da ya tunzura shi wasiƙa ce da ta iso a 1858 daga Alfred Russel Wallace, wanda ke aiki a tsibiran da ake kira Indonesiya a yau, ya kuma kai ga irin wannan tunani shi kaɗai. An karanta takardun su biyun tare a Landan a Yulin 1858, littafin Darwin kan asalin nau'o'in halittu kuma ya fito a Nuwamban 1859.

Hujjar littafin ba ta da sarƙaƙiya. 'Ya'yan kowace halitta ba sa zuwa daidai da juna, wasu bambance-bambancen ana gadonsu, kuma ana haifar fiye da waɗanda abinci da wuri za su iya ɗauka, tunanin da Darwin ya samo daga Thomas Malthus. Saboda haka wanda bambancinsa ya dace da wurin da yake shi ya fi rayuwa ya bar zuriya, a hankali siffarsa ta mamaye. Manomin da ke ware zangarniyar geron da ta fi cika ya ajiye iri yana yin haka da gangan, damina bayan damina, har geron ya sauya. Darwin, wanda ya yi kiwon tattabaru don ya gane wannan aiki, cewa ya yi fari da yunwa da cuta da maƙiya suna yin irin wannan warewa ba da niyya ba, kuma idan lokaci ya yi tsawo sosai nau'i ɗaya na iya rabuwa biyu.

Ba duk malaman coci ne suka yi masa ca ba. Bishop Samuel Wilberforce ya kara da Thomas Huxley, mai kare Darwin, a Oxford a 1860, amma Charles Kingsley, wanda shi ma malamin coci ne, ya yi maraba da littafin, haka ma Asa Gray na Harvard, masanin tsirrai kuma Kirista mai riƙon addini. Sukar da ta fi yi wa Darwin ciwo daga masana kimiyya ta fito. Bai san yadda gado yake aiki ba, kuma idan siffofin iyaye cakuɗewa suke yi a jikin ɗa, kamar yadda aka zata a lokacin, duk wani bambanci mai amfani zai narke cikin 'yan zuriyoyi kaɗan. Sannan Lord Kelvin, babban masanin fiziya, ya lissafa daga sanyayar ƙasa cewa shekarunta ba su wuce miliyan 20 zuwa 400 ba, daga baya ma ya rage zuwa miliyan 20 zuwa 40, lokacin da bai isa ba. Da ɗaya daga cikin waɗannan ta tabbata, da nazariyyar ta shiga uku. Gwajin da Gregor Mendel ya yi da wani irin wake, wanda ya buga a 1866 aka manta da shi har zuwa 1900, ya nuna gado ƙwaya-ƙwaya yake tafiya ba tare da narkewa ba. Gano sinadarai masu rikiɗa da kansu suna fitar da zafi, tun daga 1896, da kuma fahimtar yadda zafi ke zagayawa a cikin ƙasa, sun rushe lissafin Kelvin. Rabin yuraniyom mai lamba 238, irin wanda ake haƙa a Arlit, yana komawa dalma a cikin kusan shekara biliyan 4.5, kuma da irin wannan awo Clair Patterson ya nuna a 1956 cewa shekarun duniya sun kai biliyan 4.55.

Wannan tarihi ya kai ga tambayar da muhawarar ta rataya a kanta, wato mene ne nazariyya a kimiyya. Hujjar da ta fi yawo a bakin masu adawa ita ce juyin halitta nazariyya ce kawai, ba tabbataccen abu ba ne. A 2002 hukumar makarantu ta gundumar Cobb da ke jihar Jojiya a Amurka ta manna takarda mai irin wannan gargaɗi a littattafan ilimin halittu, kotu ta sa aka cire a 2005. Maganar tana ɗaukar nazariyya a matsayin zato wanda bai nuna ba, wanda idan ya nuna zai zama gaskiya ko doka. Masana ba haka suka jera abubuwan ba. Abin da aka gani aka auna, shi ne tabbataccen abu: ƙashi kaza a dutse kaza, zafi kaza a rana kaza. Doka tana siffanta yadda abu yake maimaituwa, sau da yawa da lissafi, ba tare da ta faɗi dalili ba. Hasashe amsa ce ta gwaji da ake jiran a jarraba. Nazariyya kuwa ita ce babban bayanin da ke ɗaure dubban tabbatattun abubuwa da dokoki wuri ɗaya, ya faɗi dalilinsu, ya kuma nuna inda za a duba a ga sabon abu. Ba ta girma ta zama doka, domin aikinsu daban. Cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa kwalara da tarin fuka nazariyya ce, kuma a kanta aka gina kowane asibiti.

Ilimin sararin samaniya ya fi kowane fanni nuna yadda ake auna nazariyya. A farkon ƙarni na 19 an ga duniyar Yuranus tana kauce wa hanyar da lissafin Isaac Newton ya shata mata. Maimakon a jefar da lissafin, Urbain Le Verrier ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana janta, ya faɗi inda za a duba, kuma a Satumban 1846 aka hango Neftun daga Balin kusan a daidai wurin. Da aka ga irin wannan kaucewa a tafiyar Mekuri, sai ya sake kawo irin wannan amsa, aka yi ta neman duniyar da ya ambata ba a same ta ba, domin babu ita. Sai a 1915 Albert Einstein ya warware matsalar da sabuwar nazariyya, wadda aka jarraba a husufin rana na 1919 daga tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini da kuma Sobral a Brazil. Duk da haka ba a zubar da Newton ba, har yau da lissafinsa ake harba tauraron ɗan'adam. Abin da ya faru shi ne an gane iyakarsa. Nazariyya tana iya zama mai ƙarfi ƙwarai kuma ta karɓi gyara, gyaran kuwa ba ya mayar da mutane ga abin da aka riga aka rushe. Babu gyaran da zai sake ɗora rana a kan zagaya ƙasa.

Masanin falsafa Karl Popper ya taƙaita wannan a littafinsa na 1934: magana tana shiga kimiyya ne idan akwai abin da, da za a gan shi, zai ƙaryata ta. Bayanin da ya dace da duk abin da zai iya faruwa bai faɗi komai game da duniya ba. Popper kansa ya yi shakkar ko zaɓin yanayi ya cika wannan sharaɗi, masu adawa kuma suna yawan ambaton shakkar, amma ba sa ambaton cewa ya janye ta a 1978. Thomas Kuhn ya ƙara a 1962 cewa masana mutane ne, suna manne wa abin da suka saba, ba sa sakin babbar nazariyya don matsala ɗaya. Gaskiya ne, kuma tarihi ya ba shi shaida: Alfred Wegener ya ce nahiyoyi suna motsi tun 1912, aka yi masa dariya kusan shekara 50 kafin awon ƙarƙashin teku ya gaskata shi. Sai dai abin da ya juya ra'ayin masana a ƙarshe awo ne, ba ƙuri'a ko umarnin hukuma ba.

Idan aka ɗora nazariyyar juyin halitta a wannan ma'auni, akwai abubuwa da yawa da za su iya karya ta. Ana jingina wa J.B.S. Haldane misalin ƙashin zomo a cikin duwatsun da suka girmi kifi. Ba a taɓa samun irinsa ba. Ta kuma yi hasashen da aka je aka duba. Neil Shubin da abokan aikinsa sun lissafa cewa halittar da ke tsakanin kifi da dabbobi masu ƙafa huɗu ya kamata ta kasance a duwatsun tsoffin koguna masu shekara kusan miliyan 375, suka nemi irin waɗannan duwatsu a tsibirin Ellesmere na arewacin Kanada, kuma a 2004 suka tono Tiktaalik, kifi mai wuya da ƙasusuwan gaɓoɓi a cikin fikafikansa. Bayan gano tsarin DNA a 1953 an samu wata hanya daban ta jarrabawa, domin bishiyar dangantakar da aka zana daga ƙashi da siffa tana iya saɓa wa wadda ƙwayoyin gado za su nuna. A manyan rassa sun dace. Mutum yana da ƙunshin gado, wato kuromosom, guda 23 bibbiyu, cimfanzi yana da 24. Idan tsatsonsu ɗaya, tilas biyu sun haɗe a wani lokaci, kuma a 1991 aka nuna wurin haɗin a kuromosom na 2 na ɗan'adam. Nazariyyar ba ta ce mutum daga birin da ake gani a yau ya fito ba, abin da ta ce shi ne suna da kakanni ɗaya shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce.

Wasu daga cikin shaidun a wannan yanki suke. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere ta Nijar, Philippe Taquet da daga baya Paul Sereno sun tono ƙasusuwan manyan dabbobi masu rarrafe da wani ƙaton kada, masu shekara kusan miliyan 110, kuma ana iya ganin irinsu a gidan tarihi na Yamai. A 2001 aka samu ƙoƙon kan da ake kira Toumaï a hamadar Djurab ta arewacin Chadi, mai shekara kusan miliyan 7, kuma har yanzu masana na jayayya kan ko da ƙafa biyu yake tafiya. A asibiti ma ana ganin abin ido da ido. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya, wato AS, ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ƙwayar ta yawaita inda sauro ya yawaita, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da ita, duk da wahalar da take jawo wa mai SS. Kulorokwin ya yi shekaru yana kashe ƙwayar zazzaɓi, tsirarun da suka jure masa suka hayayyafa suka mamaye, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Fulani da dama suna iya narkar da ɗanyar madara har girma, abin da yawancin manyan mutane a duniya ba sa iyawa, kuma wannan siffa ta yawaita ne a al'ummomin da suka daɗe da kiwo. Masu aƙidar halitta kai tsaye sun yarda da waɗannan misalai, suna cewa ƙananan sauye-sauye ne a cikin nau'i ɗaya. Amsar masana ita ce ba a nuna wani shinge da ke tsayar da ƙananan sauye-sauye daga taruwa ba, kuma ƙasusuwa da DNA suna nuna sun taru.

Akwai kura-kurai da giɓi, kuma ɓoye su ba ya amfanar kowa. Ƙoƙon kan Piltdown da aka baje a Ingila a 1912 jabu ne, haɓar biri aka haɗa da kan mutum, kuma sai a 1953 aka tona asirin, masana ne kuma suka tona. Yadda rai ya fara tun asali tambaya ce da ba a amsa ba, nazariyyar Darwin daga bayan samuwar rai ta fara. Ana kuma muhawara kan saurin sauyi da kan rawar da dace ke takawa a gefen zaɓin yanayi. Duk wannan jayayya ce a kan yadda abin ya faru, tsakanin mutanen da suka yarda ya faru.

A Amurka ne aƙidar halitta kai tsaye ta zama ƙungiya mai kuɗi da lauyoyi. A 1925 jihar Tennessee ta haramta koyar da cewa mutum daga dabba ya fito, aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. Kotun Ƙoli ta rushe irin waɗannan dokoki a 1968. Daga nan sai dabara ta sauya. Littafin John Whitcomb da Henry Morris na 1961 ya yi ƙoƙarin bayyana dukkan duwatsu da ƙasusuwa da ruwan Ɗufana a duniya mai 'yan dubban shekaru, aka sa wa wannan suna kimiyyar halitta, aka nemi a ba ta lokaci daidai a aji. Kotu ta ƙi a Arkansas a 1982, Kotun Ƙoli ta ƙi a 1987. Sai aka fito da ra'ayin tsari mai hikima, wanda ba ya ambaton Allah da suna, yana dai cewa wasu sassan halitta, kamar wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, sun yi sarƙaƙiyar da ba za su taru sannu a hankali ba. Michael Behe ne ya fi fice da wannan hujja a littafinsa na 1996. A shari'ar da aka yi kan koyar da wannan ra'ayi a 2005, wadda ake kira shari'ar Dover, an nuna wa kotu cewa littafin da ake son sa wa ɗalibai tsohon rubutun masu aƙidar halitta ne da aka sauya wa kalmomi bayan hukuncin 1987, Behe kuma ya amsa cewa ma'anar da ya ba nazariyya tana da faɗin da duban taurari ma zai shige ta. Alƙali John Jones ya yanke cewa ra'ayin addini ne, ba kimiyya ba.

Bai kamata a ɗora wa waɗannan hukunce-hukunce abin da ba su ɗauka ba. Tsarin mulkin Amurka ne ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini a makarantunta, kuma a kan wannan alƙalan suka yi hukunci. Alƙali ba ya tabbatar da shekarun dutse. Masanin falsafa Larry Laudan ma ya soki hukuncin 1982 ta wata fuska mai kaifi: cewa duniya shekara 6,000 gare ta, ko ruwa ɗaya ne ya shimfiɗa dukkan duwatsu, magana ce da ake iya jarrabawa, an jarraba ta, ta faɗi. Mafitar da ta rage ita ce ta Philip Gosse, wanda ya ce a 1857 an halicci duniya sabuwa amma da alamun tsufa a jikinta. Babu awon da zai ƙaryata wannan, saboda haka ta fita daga kimiyya, kuma malaman addini da yawa sun ƙi ta domin tana jingina wa Mahalicci yaudara.

A ɗaya ɓangaren ma ana wuce gona da iri. Richard Dawkins da masu ra'ayinsa suna ɗaukar juyin halitta hujjar cewa babu Mahalicci kuma babu manufa. Wannan matsayi ne na falsafa, ba sakamakon ɗakin gwaji ba. Kimiyya ta taƙaita kanta ga sababan da ake iya aunawa, domin su kaɗai kayan aikinta ke kamawa, kuma rashin kama abu da wani ma'auni ba ya nuna babu shi. Idan masani ya ce sauyin ƙwayar gado yana zuwa ba zato, nufinsa sauyin ba ya duban buƙatar halittar, bai yi magana kan ilimin Allah ko ƙaddara ba. Theodosius Dobzhansky, ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa Darwin da Mendel, Kirista ne. Cocin Katolika ta buɗe ƙofar binciken a 1950 a zamanin Fafaroma Pius na 12, Fafaroma John Paul na 2 kuma ya ce a 1996 nazariyyar ta wuce matsayin hasashe, tare da riƙe cewa ruhin mutum daga Allah yake kai tsaye. Akwai kuma dalilin tarihi da ya sa mutanen Afirka ke yi wa sunan Darwin kallon hadarin kaji: 'yan mulkin mallaka da masu wariyar launin fata sun fake da shi sun jera jinsunan mutane sama da ƙasa, har aka ajiye wani ɗan Kwango, Ota Benga, a gidan namun daji na Bronx a 1906. Ilimin gado na yau ya rushe wannan jeri, ya nuna 'yan'adam duk dangi ne na kusa, kuma tushensu Afirka.

A duniyar Musulmi muhawarar ta bi wata hanya. Alƙur'ani mai girma ya ambaci halittar sammai da ƙasa a kwana shida, amma ya ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 da mai tsawon shekara 50,000, bai kuma jero shekarun zuriyoyi ba, saboda haka tsufan duniya bai zama babbar matsala ba. Ana yawan cewa Jahiz da Ibn Miskawaihi da Ibn Khaldun sun riga Darwin. Sun yi magana kan gwagwarmayar dabbobi da kan jerin halittu daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi zuwa mutum, amma masana da dama na ganin jerin daraja suke nufi, ba na haihuwa ba. Da labarin Darwin ya iso, Jamaluddin Afghani ya yi masa raddi a 1881 a cikin raddinsa ga masu cewa babu komai sai abin da ake taɓawa. Husaini Jisr na Tarabulus ta Labanan ya ɗauki hanya mai sanyi a 1888: bai ga an tabbatar da nazariyyar ba, amma ya ce idan hujja yankakkiya ta tabbatar da ita, ana iya fahimtar nassi a kan haka matuƙar an riƙe cewa Allah ne Mahalicci. Littattafan Harun Yahya na Turkiyya, waɗanda suka bazu a farkon wannan ƙarni, yawancin hujjojinsu aro ne daga ƙungiyoyin Kiristocin Amurka, abin da masu karanta su da yawa ba su lura da shi ba.

Malaman tauhidi na da suna da kayan aikin da ya fi wannan aron inganci. Imam Gazali ya yi gargaɗi a littafinsa na raddi ga masana falsafa cewa wanda ya ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafi ba, addinin zai yi shakka. Imam Sanusi, wanda ake karanta littattafansa na tauhidi a zaurukan ƙasar Hausa, ya kasa hukunci uku: na shari'a, na hankali da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne alaƙar da ake gani tana maimaituwa tsakanin abu da abu, kamar wuta da ƙuna, wadda Allah ne ke gudanar da ita kuma yana iya saɓa ta. Kimiyya gaba ɗayanta a wannan fage take aiki. Likita na bayyana yadda ɗan tayi ke girma mataki-mataki, mumini bai ga wannan ya kore cewa Allah ne ke halitta a mahaifa ba. Haihuwar Annabi Isa (AS) ba tare da uba ba mu'ujiza ce, ba wanda ya nemi a sauya littafin ilimin haihuwa saboda ita, ba kuma ɗakin gwajin da zai iya kore ta.

Inda gogayyar take da gaske shi ne Annabi Adamu (AS). Nassi ya bayyana halittarsa daga yumɓu ba tare da iyaye ba, kuma a kan wannan fahimta mafi rinjayen malamai suke, na da da na yanzu. Nazarin ƙwayoyin gado kuwa yana nuna jikin ɗan'adam na da alaƙa da sauran halittu, kuma yawan kakannin mutane bai sauka zuwa mutum biyu ba a ɗaruruwan dubban shekarun da suka wuce. Shoaib Ahmed Malik, a littafinsa na 2021, ya kasa matsayin Musulmi huɗu: masu ƙin juyin halitta ɗungurungum, masu karɓarsa ga dabbobi da tsirrai ban da mutum, masu ware Annabi Adamu shi kaɗai a matsayin mu'ujiza tare da yin shiru kan ko akwai masu kama da mutum kafinsa ko a zamaninsa, kamar yadda David Jalajel ya bayyana, da masu karɓarsa ba togiya. Matsayi na ƙarshe yana buƙatar tawili mai nisa da malamai da yawa ba su yarda da shi ba. Na farko kuma yana ɗora wa mai shi nauyin musun ƙasusuwan Gadoufaoua da awon yuraniyom da abin da DNA ke nunawa, alhali babu nassin da ya faɗi ta wace hanya aka halicci raƙumi ko kuka.

Juyin halitta na cikin manhajar ilimin halittu ta manyan makarantun sakandare a Najeriya, kuma ana tambaya a kai a jarrabawar WAEC, yayin da Turkiyya ta cire shi daga manhajar sakandarenta a 2017. A tsakanin masana ilimin halittu, masu addini da marasa shi, tsatso ɗaya na masu rai ba abin jayayya ba ne a yau. A tsakanin malaman Musulunci maganar Annabi Adamu ce ake tattaunawa, kuma uku daga cikin matsayi huɗun nan ba sa buƙatar a musanta tsufan duniya ko sauyawar dabbobi da tsirrai.